Yadda na kashe ƙugin amfilifayata da batirin fitilar caji

Ƙaramar amfilifayar da na haɗa da bawul biyu (kwalaben gilashin nan masu ɗaga sauti na tsofaffin rediyo) masu lamba 01A ta yi wata huɗu tana ƙugi. Aikinta ɗaga sauti kafin ya shiga babbar amfilifaya, don haka duk dattin da ta ɗebo sai babbar ta ninka shi ta watso ta sifika. Da rana ba ka ji. Amma dare ya raba, unguwa ta yi tsit, sai ka ji shi a ƙarƙashin kiɗa kamar injin markaɗe a bayan layi. In wutar NEPA ce ƙugin mai kauri ne, in an ɗauke mun koma inbata sai ya rikiɗe ya zama kamar zirnaƙo ya shiga akwati. Na sa dayod, na jibga kafasita, na canza hanyar waya har sau uku. Ƙugin ya ragu, bai tafi ba.

Wani dattijo da ya tsufa a gyaran rediyo nan Kano ne ya warware mini. Ya ɗaga bawul ɗin ya duba shi ta hasken taga, ya yi dariya, ya ce ai wannan ba a ƙera shi don wutar gari ba, in ba shi abincin da ya saba. Gaskiyarsa. Rediyoyin Amurka na farkon shekarun 1920, waɗanda aka yi 01A dominsu, da batura uku suke aiki: batirin A na kunna filamen, wato zaren wutar da ke cikin bawul, batirin B mai ƙarfi na filet, farantin da ke karɓar wutar, da ɗan batirin C na girid, ragar da ke tsakaninsu wadda sauti ke shiga ta kanta. Batirin A ɗin kuwa na dalma da asid ne mai 6V, irin na motocin lokacin. Ko 6.3V da kake gani a takardar bayanan bawul irin su EL84 ko 6SN7 daga nan ya samo asali: ɗakunan batirin dalma uku, kowanne 2.1V. Ɗakuna shida kuma su ba ka 12.6V na 12AX7.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka gane wane irin bawul ne a hannunka, domin kashi biyu ne. A irin su 12AX7, EL84, 6V6 da EL34, zaren wutar yana cikin wani siririn bututu, shi bututun ne katod, wato mai sakin wutar da ke tafiya filet, zaren dumama shi kawai yake yi, shi ya sa ake ce masa hita. Waɗannan ba su cika damuwa da AC ba in an murɗa wayoyin hita da kyau an kwantar da su jikin ƙarfe. A irin su 01A, 26, 45, 71A, 2A3, 300B da 4P1L na Rasha kuwa, zaren da kansa shi ne katod. Ta cikinsa sauti yake bi. Duk kaɗawar da ke cikin wutar da ka ba shi, bawul ɗin zai ɗauke ta tamkar waƙa. Wutarmu 50Hz ce, in ka bi da ita ta dayod ta koma 100Hz da ninke-ninkenta, shi ya sa gyaran da na yi da farko ya sauya muryar ƙugin kawai. Batir ba shi da kaɗawa ko kaɗan.

Akwai gwaji mai sauƙi ga masu katod daban. Kana cikin jin ƙugin, katse wayar hita ɗaya ta makunni da ka riga ka sa. Katod zai yi 'yan daƙiƙoƙi da zafinsa, kiɗa na ci gaba. In ƙugin ya ɗauke nan take, hita ce mai laifi. In yana nan har sautin ya dusashe, to matsalar na wutar filet ce ko ta haɗin giraun, wato layin da ke ɗaure da ƙarfen akwati, kuma ko batir goma ka saya ba abin da zai sauya. Na ga wanda ya yi wannan asarar.

Sai cin bawul ɗin. 01A da 71A suna cin 0.25A a 5V. 4P1L na cin 0.325A a 4.2V, ko 0.65A a 2.1V in ka haɗa rabi biyun zarensa gefe da gefe. 26 na son 1.5V amma yana zuƙar 1.05A. 300B 1.2A a 5V. 2A3 kuwa 2.5A a 2.5V, guda biyu amfiya biyar ke nan. A ganina duk wanda ya ce zai ciyar da 2A3 da batir yana neman wahala ne, ga shi kuma ƙarancin bolt ɗinsa ya sa yana zama lafiya da AC in an sa masa abin daidaita ƙugi a tsakiyar filamen. Batir ya fi amfani a matakin farko, inda sauti yake ƙanƙani, bawul ɗin kuma ba mai haɗama ba.

Batirin da na zaɓa shi ne baƙin nan mai kusurwa huɗu na 6V 4.5Ah, wanda ke cikin manyan fitilun caji da wasu fankoki. Ana samunsa a Kasuwar Sabon Gari ba tare da dogon nema ba. Dalilina ba arha kaɗai ba ne. Batirin dalma ba ya zamewa da sauri: in ya cika ya huta yana wajen 6.3 zuwa 6.4V, in ya kai rabi yana wajen 6.0 zuwa 6.1V. Kwatanta da ƙwayar batir 18650 da ake cirowa daga batirin laftof, wanda ke farawa da 4.2V ya gangara har 3.0V. Mutum zai ga 4.2V na 4P1L ya ce tuwo ya faɗa miya, amma ba a daɗe ana sauraro ba zai sauka ƙasa da 4V, filamen ya fara yunwa. Ƙananan baturan caji na NiMH kuma 1.2V ne kowane ɗaya, ya dace da ƙananan bawul na 1.4V irin su 3A5 da DL92, waɗanda dama an ƙera su don busasshen batir mai sauka a hankali. Ga 26 kuwa guda ɗaya ya yi kaɗan, biyu sun yi yawa. Wanda ya burge ni daga baya shi ne LiFePO4, irin ƙwayoyin 32700 da ake sawa a fitilun titi masu sola. Kowace 3.2V, biyu a jere suna zama tsakanin 6.4 da 6.6V kusan har su ƙare. Sai dai suna buƙatar allon kariyarsu, kuma ɗan allon caji TP4056 da kowa ke sayarwa na 4.2V ne, ba nasu ba ne, su 3.65V ce iyakarsu.

Kada ka yarda da mita kaɗai wajen saye. Batirin farko da na sayo ya nuna 6.3V a gaban mai shago, na biya na taho. A gida na ɗora masa rasista 25Ω mai wat 5, wato kusan cin bawul ɗin, na ajiye agogo. Minti arba'in ya faɗi ƙasa da 5.6V. Ya daɗe a kanta ne ba caji, ya mutu a tsaye. Yanzu da rasistar nake zuwa kasuwa a aljihu, in kuma ɗaga batirin a hannu in ji nauyinsa, don na kirki yana kai gram 700 zuwa 800. Mara nauyi dalmarsa kaɗan ce, ko me aka rubuta a jikinsa.

Lissafin kansa gajere ne. Batir 6.3V, bawul na son 5V, rarar 1.3V ce za a zubar. Raba 1.3 da 0.25A ka sami 5.2Ω. Babu wannan a kasuwa, sai 4.7Ω ko 5.1Ω. Na ɗauki 4.7Ω saboda fiyus, makunni da waya su ma suna cin ɗan abin da suke ci. Zafin da za ta sha bai kai rabin wat ba, amma na sa mai wat 2 don kada ta ko yi ɗumi. Filamen ɗin 01A in ya yi zafi kamar rasista 20Ω yake. Ke nan batir na 6.3V, ƙafafun bawul za su ga kusan 5.1V. Batir ya sauka 6.0V, su ga 4.86V. A 5.9V su ga 4.78V. Ƙa'idar da nake bi ita ce kada a wuce kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato 4.75 zuwa 5.25V, don haka 5.9V ce tashar da nake sauka. Mutane sun san yawan wuta na ƙona filamen, amma zaren 01A tangistan ne mai toriyam, shi ma zama da yunwa na rage masa ƙarfi. Kada ka ce bari in ba shi 4.5V don ya daɗe.

Awa nawa zai yi? Batirin dalma ba ya son a kwashe fiye da rabinsa in ana so ya yi shekaru. Rabin 4.5Ah shi ne 2.25Ah, raba da 0.25A, awa 9. Adadin da ke jikin batir an auna shi ne a kan fitar awa 20, wato 0.225A, wanda ya yi kusa da cinmu, don haka lissafin ba ya yaudara. Gwada shi da 300B ka ga bambanci: awa biyu ma ba za ka cika ba, don batirin dalma in aka zuƙe shi da ƙarfi ba ya ba da abin da aka rubuta. Sai ka nemi 12Ah ga kowane bawul, da rasista wajen 1.1Ω mai wat 5, kafin ka sami awa biyar.

Yanzu haɗin. Kafin hannunka ya shiga cikin akwatin, zare fulogi, ka auna manyan kafasita da mita ka tabbata sun sauke. Wutar filet ko a wannan ƙaramar amfilifaya ta haura 150V, a manya tana kai 400V, kuma tana zama a kafasita bayan an kashe. In dole ka auna abu a kunne, hannu ɗaya a aljihu. Batirin ma ba abin rainawa ba ne. 6V ba ya jan mutum, amma in sukudireba ta haɗa kawunansa biyu zai tura amfiya gommai, waya ta yi ja, roba ta narke. Shi ya sa fiyus na farko nake sawa, mai 1A marar saurin tsinkewa, dab da kan batir mai alamar +. Marar sauri, domin filamen mai sanyi yana fizgar wuta ninki da yawa a daƙiƙar farko.

Gindin 01A ƙafa huɗu ne, biyu masu kauri su ne filamen, 1 da 4. Ta 2 filet, ta 3 girid. Daga + na batir sai fiyus, sai makunni, sai rasista 4.7Ω, sai ƙafar filamen ɗaya. Daga − kai tsaye ta makunni zuwa ɗayar ƙafar. Murɗa wayoyin biyu kamar igiya, kuma kada su bi kusa da taransifoma, don waya mai tsawo a buɗe eriya ce, za ta kwaso maka ƙugin da ka kora ta ƙofa ya dawo ta taga.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne bayas, wato bolt ɗin da ake zaunar da girid a kansa ƙasa da na filamen. Takardar 01A ta ce a 135V na filet, girid ya zauna −9V, bawul ya ja 3mA. Wannan −9V daga ƙafar filamen ta − ake auna shi. Hanyar da na bi ita ce rasista 3kΩ daga wannan ƙafar zuwa giraun, da kafasita a gefenta. Tara raba da 0.003, dubu uku. Ma'anar wannan ita ce batirin gaba ɗayansa yana shawagi ne 9V sama da jikin amfilifaya. Kansa na − ba giraun ba ne. In ya taɓa ƙarfen akwati, ka gajarce rasistar, bayas ya tafi, bawul ya ja wutar da ta fi ƙarfinsa. A 300B abin ya fi haka, don katod ɗinsa kan zauna 60 zuwa 70V sama da giraun, kawunan batirin ma suna iya jan ka. Kuma tunda kowane bawul da rasistarsa, kowane bawul da batirinsa. Hagu ɗaya, dama ɗaya, ba sa haɗa waya ko ɗaya.

In batura biyu sun yi maka yawa, koma dabarar mutanen da: batirin C. Ɗan batirin 9V mai kusurwa, + ɗinsa a giraun, − ɗinsa ta rasistar girid zuwa girid, da kafasita a mashigar sauti don kada 9V ɗin ya koma baya. Girid ba ya cin wuta, batirin kan yi kusan tsawon zaman da zai yi ajiye a shago. A wannan tsarin ƙafafun − na filamen duka suna giraun, batir ɗaya babba zai ciyar da su biyun, kowane da rasistarsa ta 4.7Ω. Na gwada, yana aiki. Na koma batura biyu ne saboda ranar da ɗan 9V ɗin ya mutu ba zai yi sallama ba.

Caja ita ce ta fi ba ni wahala, kuma laifina ne. Ranar da na fara gwaji da ƙadangarun waya, maƙalan nan masu haƙora, batura a ƙasa kan tabarma, na kunna, na kara kunne jikin sifika. Shiru. Har na duba ko na manta ban haɗa wani abu ba, sai na ga zaren yana haske ruwan ɗorawa a cikin gilashi. Na sa faifan goge, na ji gogar izga a kan tsirkiya kafin sautin ya tashi, abin da ban taɓa ji a wannan faifan ba. Mako guda bayan haka na gyara komai tsaf cikin akwatin katako, na haɗa caja ɗaya ga batura biyun, na sa makunni a wayar + kaɗai, wayoyin − na bar su a manne da cajar dindindin. Na kunna, ƙugi ya dawo, har da wani tsit-tsit sabo, kuma hagu da dama suka cakuɗe. Kwana biyu ina zargin bawul. Ashe ta wayar − ɗin nan na ɗaure katod biyun wuri guda, cajar kuma ko ba ta caji, muddin tana jikin soket, tana tsiyayo dattin wutar gari ta cikinta.

Maganin shi ne makunni mai ƙafa shida ga kowane batir, wanda ke juya waya biyu lokaci guda. Ƙafafun tsakiya biyu su ne + da − na batir. Biyun gefe ɗaya su tafi filamen, biyun ɗaya gefen su tafi caja. Ka juya nan, sauraro. Ka juya can, caji. Babu yadda za a yi caja da filamen su haɗu, ko da mantuwa. Wannan na da muhimmanci ta wani fannin ma: batirin 6V ana cajinsa ne a 7.2 zuwa 7.5V, in wannan ya isa bawul zai ga kusan 6V a maimakon 5. In kana son rile, wato makunnin da wuta ke juyawa, ya yi maka juyin, to, amma kada ka ciyar da koyil ɗinsa daga batirin filamen.

Cajin ma da ladabinsa. Ina ba su wajen 0.5A, ko da yake suna iya ɗaukar sama da 1A. In aka cire caja, batirin kan nuna 6.7 ko 6.8V na ɗan lokaci, cikar baki ce kawai, amma ta isa ta kai filamen 5.5V. Ina barinsa ya huta awa ɗaya, ko in ɗora masa rasistar gwajin nan minti biyu zuwa uku har ya sauko 6.4V. Sannan bayan sauraro ba na kwana da shi a sauke. Batirin dalma da aka bari ba caji farin gishiri ke kama farantansa, ƙarfinsa ya tafi ba dawowa. Zafi ma maƙiyinsa ne. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25, rayuwarsa na raguwa da rabi, ka kuwa san yadda ɗaki yake a Kano cikin Afrilu. Don haka batura ba sa zama cikin akwati ɗaya da bawul da taransifoma. Nawa suna ƙasa, kan siminti, ƙarƙashin teburi.

Wajen kunnawa, filamen tukuna, ka ƙirga goma, sannan wutar filet. Wajen kashewa, filet tukuna. Na manna ƙaramar mita mai allura a gaban akwatin baturan, da maɓallin dannawa, na ja jan layi a kan 5.9V. Mai allura na zaɓa don waɗannan ƙananan masu jan lambobi suna da nasu ƙaran da suke zubawa cikin layi. Haka ma ƙananan allunan rage wuta irin LM2596, suna datsa wuta sau dubu 150 a daƙiƙa. In za ka sa su tsakanin batir da filamen, gara ka bar batirin ma.

Wanda ba ya son zaman duba mita yana da wata hanya. Batirin UPS na 12V 7Ah da LM317, ɗan abin daidaita wuta mai ƙafa uku, da aka haɗa don ya riƙe amfiya a tsaye. Rasista ɗaya ce tsakanin ƙafar fita da ƙafar daidaitawa, a ɗauki wuta daga ƙafar daidaitawar zuwa filamen. Girman rasistar 1.25 raba da amfiyar da ake so, ga 0.25A 5Ω ke nan. Yana buƙatar rarar kamar 3V sama da na bawul, shi ya sa batirin 6V ba zai yi ba. Amfaninsa biyu: filamen na ganin abu ɗaya daga cikar batir har rabinsa, kuma ba fizgar farko, a hankali yake ɗaukar zafi. Illarsa kuwa, fiye da rabin wutar batirin zafi take zama, kusan wat 1.75, sai da ƙarfen sanyaya. Bayan LM317 a haɗe yake da ƙafar fita, kada ka ɗaure shi jikin akwati ba tare da abin raba su ba. Zai ba ka awa 14. Ko a nan ka auna bolt a ƙafafun bawul bayan minti biyar, don tsofaffin bawul ba duka ke cin daidai abin da takarda ta ce ba.

Shi wannan batirin UPS ɗin shi ne mafi sauƙin abu ga mai amfilifayar garmaho da 12AX7, in gwajin katse hita ya nuna ita ce. + a ƙafa ta 4, − a ta 5, ta 9 a bar ta haka. Ba rasista, ba komai, sai fiyus da makunnin caji. Kowane bawul 0.15A, biyu 0.3A, sama da awa 11 kafin rabi. Batir ɗaya ya ishe su duka tunda hitarsu ba katod ba ce, sai dai a nan ka ɗaure − ɗin da giraun, kada ka bar shi yana shawagi, akasin abin da na faɗa kan 01A.

Wasu kan juya + da − na filamen duk bayan 'yan watanni, wai don gefe ɗaya kada ya riga ɗaya tsufa, tunda a DC ƙarshen da ke − ya fi aiki. Ni ban sa makunni don wannan ba. In na buɗe akwatin share ƙurar hunturu sai in sauya wayoyin ƙafa 1 da 4, in mayar da rasistar 3kΩ kan sabuwar ƙafar −, in sake auna 9V ɗin kafin in rufe.